Tsirkiya Shida a Bakin Tarka

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko daga arewa ta ƙetare kwarin Tarka ta shigo Dakoro, ba leɓɓa da dugadugai kaɗai ke tsagewa ba. Duk wanda ya rataye jita a ƙusar ɗakinsa ya san haka. Katakon wuyanta yakan tsotse, ƙananan ƙarafunan da aka jera a gicciye bisa wuyan su leƙo ta gefe suna kartar yatsa, fuskarta ta ɗan lotsa, tsirkiyar da jiya take fita tas ta koma gogar ƙarfe tana ziza. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Sahel, tsakar ranar hunturu, yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Babu wanda ya ƙera wannan abin kiɗa da Dakoro a ransa.

Duk da haka ana kaɗa ta. Dakoro, mai nisan fiye da kilomita 100 arewa da Maraɗi ta hanyar Tsibiri da Kornaka, ba gari ba ne da za ka shiga kasuwarsa ka iske layin masu sayar da kayan kiɗan zamani. Kasuwarsa ta gero ce da wake da dabbobi. To amma a bayan danga da katanga akwai masu jita: malamin makarantar da aka turo daga wani yanki, ɗan makarantar da ya gaji tsohuwa a hannun yayansa, mai gyaran salula, Ba'abzinen da ya sauko daga wajen Bermo ko Gadabeji da tasa a naɗe cikin bargo. Irin waɗannan ba dandali suke nema ba. Bayan isha'i suke kaɗawa, a ɗaki ko a fada ana jiran shayi ya nuna, su naɗi abin da ya fito a waya, su tura wa abokai.

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce mai gida da gado. Makaɗin sarki ya san ubangidansa, mai garayar maharba ya san nasa, haka mai kalangun mahauta da mai gangar noma. Ko waɗanda suka yi suna da tsirkiya su kaɗai, irin Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko Haruna Uji da gurminsa, ko Malam Maman Barka a nan Nijar, wanda da farko malamin makaranta ne, duk jama'a suke yi wa kiɗa. Mutumin da zai cire kuɗi daga albashinsa ya sayi abin kiɗa, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya yi ta kaɗawa ba don wani ya miƙa masa ko dala ba, ba shi da gurbi a wannan tsari. Shi ya sa tambayar da ke fara tarbarsa a gida sananniya ce: kai ɗan nan, roƙo za ka fara? Ta biyu kuwa daga wajen malamai take zuwa, kuma yankin Maraɗi wuri ne da wa'azi ke da ƙarfi. Don haka mai jita a Dakoro abu biyu yake koya a tare: kaɗawa, da kaɗawa a hankali.

Ta burtali ta shigo

Jitar da ke kunnen matasan wannan yanki ba ta Turai ba ce, ta arewa ce. Dakoro na zaune daidai inda gona ke ƙarewa kiwo ya fara, kuma iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata a wannan tsakani ta ratsa. Hausawa manoma da Fulani da Abzinawa rijiya ɗaya suke ja, kasuwa ɗaya suke ci. Hanyar da raƙuma da shanu ke bi zuwa Abalak da Ingal, ita kiɗan jita ya biyo ya gangaro.

Asalin kiɗan kuwa wahala ce. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi, suka kori samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi, a can suka haɗu da jita. A ɓangaren Mali ƙungiyar Tinariwen ta fito. A Nijar wanda ake ɗauka a matsayin uban tafiyar shi ne Abdallah ag Oumbadougou, mai ƙungiyar Takrist n'Akal, wanda ya rasu a 2020. A lokacin tawayen da aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, waƙoƙinsa haramtattu ne, ba gidan rediyon da zai sa su. A kaset suka yi yawo. A ajiye rikoda mai batir a gaban makaɗi, a danna, a naɗa; wanda ya samu ya kwafa wa wani, shi ma ya kwafa wa wani, har sautin ya dusashe ya cika da huci, amma ana saurare. Ma'ana, wannan kiɗa tun ranar farko a gida aka naɗe shi. Situdiyo daga baya ya zo.

Da salula ta maye gurbin kaset, abin bai canza ba sai sauri. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa ne, ya tashi a gidan da ba a son kiɗa saboda addini. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da irin kayan da ake yin waƙoƙin fina-finan Hausa, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Waƙoƙin ba ta shago suka bazu ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tsallakawa ta Bluetooth da katin memori, har suka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yake tattara abin da mutane ke ji a wayoyinsu. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da tarin waƙoƙin nan a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, kuma daga nan ƙofar waje ta buɗe wa Mdou.

Haka labarin Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, a wajen Abalak ɗin dai, wadda ta koya wa kanta da jitar yayanta. Kundin farko na ƙungiyarta a 2016 a fili aka naɗe shi, ba a cikin gini ba. A 2020 kuma Sahel Sounds ya riƙa fitar da gajerun kundaye wata-wata waɗanda makaɗa suka naɗa da wayoyinsu suka aika ta WhatsApp, aka fara da Etran de l'Aïr, makaɗan bukukuwan Agadas. Samari suna son waɗannan labarai saboda jirgin sama da ke ƙarshensu, da irin Bombino da kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Ni abin da ya fi ja mini hankali shi ne farkonsu. Kayan da aka fara da su ba su fi waɗanda ke ɗakin malamin makarantar Dakoro ba. Wasu ma ba su kai ba.

Kafin a kaɗa, sai an gyara

Jita takan iso nan daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko daga Agadas, ko a cikin kayan wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya. Galibi mai araha ce, wadda aka yi cikinta da katakon da aka manne falle-falle. Kada mai ita ya raina ta. Jita mai tsada da katako guda siriri ake yin fuskarta, shi ke ba ta amo mai daɗi, shi ne kuma ke fara tsagewa idan iska ta bushe. Mai falle-falle, da yake an gicciya jijiyar katakon kowane falle a kan ɗan'uwansa, ba ta cika motsi ba. Amonta bai kai na waccan ba, amma za ta ga hunturu da yawa.

Aibinta shi ne daga kwali take fitowa ba saiti. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, ɗan koyo ya danna har yatsunsa su yi ƙanta sautin bai fita ba, bayan ɗan lokaci ya jingine ta yana cewa hannunsa ne ba na kiɗa ba. Sau da yawa hannun ba shi da laifi. Ga yadda ake ganewa. Ƙarfe na 12 daga sama shi ne tsakiyar tsirkiya daidai. A nan tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen bai kamata ta wuce milimita 2 da rabi da yawa ba, ta siririyar kuma kamar milimita 2. Wanda ba shi da ma'auni ya nemi katin nan na roba da ake ɓalle sim daga jikinsa. Kaurinsa milimita 0.76 ne, uku a haɗe sun ba da kusan 2.3. Idan uku sun shige da ƙyar, lafiya lau. Idan biyar sun shige suna rawa, akwai aiki.

Aikin daga wuya yake farawa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida, ko ta cikin ramin jitar ko ta wajen kai. A danne tsirkiya mai kauri a ƙarfe na farko da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, sannan a duba wajen ƙarfe na 7. Ana son ɗan haske kaɗan ya rage, kamar kaurin takarda mai ƙwari. Idan tazarar ta yi yawa a ɗaure sandar zuwa dama, idan tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfe a sassauta zuwa hagu. Rubu'in juyi, a tsaya, a sake saita tsirkiya, a bar katako ya huta zuwa gobe. Hannun da ya saba ɗaure notin babur shi ne babban haɗari a nan. Sandar nan idan ta karye a ciki, wuyan ya tashi aiki. A yanayin Dakoro wannan dubawa ta sau biyu ce a shekara, da shigar hunturu da kuma tsakiyar damina, lokacin da katako ke kumbura tsirkiya ta ɗaga.

Idan wuya ya miƙe tsirkiya ba ta sauko ba, sai a koma ga jaki, wato ɗan farin abin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikin jita. A sassauta su, a zare shi, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi, a riƙa goga gindinsa, ba samansa ba. Lissafin mai sauƙi ne: kowace milimita ɗaya da ake son ragewa a ƙarfe na 12, sai an ci biyu a jaki. A ja layi da fensir tukuna, don abin da aka goge ba ya dawowa.

A nan ne Dakoro ta fi birane da yawa arziki. Jakin jita mai araha na roba ne, yana shanye amo. Na jita mai tsada na ƙashi ne, ƙashin sa ko na raƙumi, kuma wannan a wajen mahauta yake zube. A karɓi ƙashin ƙwauri, a yanke kawunansa, a fitar da ɓargo, a dafa shi da ɗan sabulu har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa ya bushe sarai. Wanda ya yi gaggawa ya bar maiƙo a ciki zai ga ƙashin ya yi rawaya yana naso. Sai a tsaga da zarto, a bi da magagari, ana gwada shi da tsohon jakin har ya shige raminsa cif, ba ya rawa, ba a kuma buga shi da ƙarfi ba. A gewaye samansa ya yi sumul don kada ya yanke tsirkiya. Warin ƙashi a ƙarƙashin magagari ba daɗi, aikin kuma na yini ne, amma kunne yana jin bambancin tun daga bugun farko.

Gargaɗi ɗaya da ya kamata a rubuta da jan biro: jitar da aka yi don tsirkiyar roba, mai faffaɗan wuya, ba a sa mata ta ƙarfe. Jan ya fi ƙarfinta, ko wuyan ya lanƙwashe ko katakon da ke riƙe da jaki ya ɓalle. Haka ajiye jita a mota a rana, ko kusa da rufin kwano a watan Afrilu. Gam yana laushi, jan tsirkiya ya ƙarasa aikin. Maganin bushewa kuwa ba ya cin kuɗi. A jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a robar sabulu da aka huhhuda, a jefa cikin jakar jita a zuge. A duba shi bayan kwana biyu. Jita a jaka take kwana, ba a ƙusa ba, ko da ta fi kyau a ƙusar.

Tsirkiya ita ce ciwon kai na kullum, domin sai an aika Maraɗi ko Kano, kuma da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 kowa ya ga yadda ƙaramin abu ke zama babba. Gumi ke kashe ta. Goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗa yana ƙara mata kwana fiye da duk wata dabara. Masu kaurin, waɗanda aka naɗe da waya, idan amonsu ya mutu akan dafa su a ruwa na ɗan lokaci dattin ya fita, a busar da su sosai, su ɗan farfaɗo. Wadda ta tsinke can sama kusa da kunnen ɗauri ana iya ƙulla ta. Siririyar kuwa, idan ta tafi ba madadi, sai a koma ga dabarar Mdou: a warware wayar birki a zaro silin tsakiya, wanda ya fi miƙewa. Ba ta daɗewa, tana kuma cin yatsa. Da babu gara ba daɗi.

Babban yatsa da manuni

Saitin da duniya ta saba shi ne Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga mai kauri zuwa siririya, kuma yau kowace waya na iya ɗaukar manhajar da ke nuna ko tsirkiya ta kai. Makaɗan arewa da yawa sukan ɗaga mai kaurin daga Mi zuwa Sol, don babban yatsa ya riƙa dukanta a sake tana ƙugi a ƙasa, manuni kuma yana tsinto waƙar a kan siraran. Yana da kyau a san kuɗin wannan: ɗaga tsirkiya haka yana ƙara mata ja da kusan kashi 41 cikin ɗari. Tsohuwa mai tsatsa ba za ta ɗauka ba. Wanda ba shi da madadin tsirkiya gara ya sassauta sauran biyar ɗin su sauko, ya bar mai kaurin inda take. Dangantakar sautukan ɗaya ce, sai dai kiɗan ya yi ƙasa.

Darussan YouTube kusan duk da haɗa yatsu uku ko huɗu suke farawa, a share tsirkiya shida gaba ɗaya, don raka waƙoƙin da ba wanda ke rera su a Dakoro. Ban ce ba su da amfani ba. Amma kunnen da ya tashi da goge da gurmi da molo ya riga ya san wata hanya: sautuka biyar, tsirkiya ɗaya tana riƙe da gindi, ɗaya tana magana, yatsan hagu yana bugawa yana fizgewa ya fitar da ado ba tare da hannun dama ya sake taɓawa ba. Kiɗan Agadas a kan wannan aka gina shi, shi ya sa Bahaushe ke jin sa kamar na gida ko bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba. Ɗan koyon da ya ɗauko karin gurmin da ya sani ya neme shi a kan tsirkiya biyu zai riga mai bin darasin waje jin daɗin hannunsa.

Wuta da ƙugi

Jitar lantarki wata duniya ce, kuma rabin matsalarta ba a jikinta take ba. Maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya yana ɗaukar duk wani motsin lantarki da ke ɗakin. Wutar Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ita ce ƙugin nan da ake ji a lasifika ko ba a taɓa komai ba. Inbata mai araha ta sola, cajar waya, ƙwan fitilar zamani, janareton maƙwabci, kowanne na ƙara nasa zizar. Dabarar farko kyauta ce: a cire duk abin da ba a buƙata daga soket, mai jita ya riƙa juyawa a hankali a inda yake zaune har ya sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa, ya tsaya a nan.

Ta biyu ita ce batir. Ƙananan amfilifaya irin Roland Micro Cube da batir shida na tocila ƙanana suke aiki, kuma wutar batir ba ta da ƙugi. Wanda bai da halin wannan, mai gyaran rediyo na iya haɗa masa da amfilifayar rediyon mota da batirin sola mai bolt 12. Akwai kuma dalilin da ya fi sauti muhimmanci. Gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, don haka amfilifaya mai laifi na iya turo wuta har kan tsirkiya. Wanda ya ji ɗan cizo a yatsa ko a leɓe idan ya kusanci makirfo, ya kashe nan take, kada ya kaɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Ƙarar ƙaras-ƙaras idan an murɗa maɓallin sauti kuwa ƙura ce kawai; a yi ta murɗa shi gaba da baya, sau da yawa takan washe. Wayar da ta tsinke a bakin jona, kowane mai gyaran salula zai like ta da dalma.

Ɗakin ƙasa ya fi

Wanda zai naɗa, ɗaki zai fara zaɓa kafin na'ura. Ya tsaya a tsakiya ya tafa sau ɗaya. A ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ba komai a cikinsa, tafin zai dawo da ƙara mai kaifi, kuma jitar da aka naɗa a nan za ta fito kamar daga cikin rijiya. A ɗakin ƙasa mai azara, da gado da katifa da tabarmi da tufafi a rataye, tafin zai mutu nan take. Wannan ake nema. Abin da situdiyo ke kashe kuɗi a kai wajen manna soso a bango, ɗakin tsohuwa ya zo da shi. Wanda siminti kaɗai gare shi ya rataya barguna, ya jingina katifa a bangon da ke fuskantarsa.

Sai lokaci. Da rana gari ba ya shiru: injin niƙa, kabu-kabu, awaki, lasifikar mai talla, sakan daka. Makirfon waya ba ya zaɓe, kuma yana da wata ɗabi'a, idan kiɗa ya yi ƙasa sai ya ƙara wa kansa ji, ya jawo duk hayaniyar unguwa. Tsakanin sha ɗayan dare da kiran assalatu ne ake samun sarari, in ban da jaki da zakaran da bai san lokaci ba. A kashe fanka, ko da bazara ce. Minti biyar na gumi ba ya kisa, amma iskar fanka a makirfo ba ta gyaruwa.

A sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira kada ya katse, kuma neman layi kada ya shiga lasifika. A ɗora ta a kan ƙyalle mai ninki, ba a hannun aboki ba. Ga jitar katako, tazarar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, santimita 20 zuwa 30, tana kallon inda wuya ya haɗu da jiki. Kuskuren kowa shi ne nufar ramin tsakiya, inda iska ke fita. Nan sautin kumbura yake ya toshe. Ga ta lantarki, a rage ƙarar amfilifaya fiye da yadda rai ke so, don makirfon waya ƙarami ne, idan ya cika sai ya fashe, kuma sautin da ya fashe ba manhajar da ke ɗinke shi. Mai ƙwarya da masu tafi su ja baya can ƙuryar ɗaki, domin dukan ƙwarya guda yana iya danne jita gaba ɗaya. A naɗi rabin minti, a saurara da abin kunne, a matsar da waya, a sake. Wannan matsarwar ita ce dukan ilimin; injiniyoyin manyan situdiyo ma ita suke yi, sai dai makirfonsu ya fi tsada.

Mai son ya raka kansa, ya naɗi gindin kiɗa sannan ya ɗora waƙar a kai, zai iya da manhaja irin BandLab a waya, ko Audacity a kwamfuta, duk kyauta. Abin kunne mai waya zai sa, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai mutum ya yi ta bin kiɗan da ya riga ya wuce. Idan kuɗi ya samu, ƙaramin akwatin da ke haɗa jita kai tsaye da kwamfuta ya fi sabuwar jita amfani, saboda da shi ana iya naɗa tsakar rana ba hayaniyar da za ta shiga, kuma ba wanda zai ji a tsakar gida. Ga wanda mahaifinsa ke ɗakin da ke kusa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Game da makirfo kuwa, irin na riƙewa a hannu mai jure wahala ya fi dacewa da nan a kan mai tsananin ji na situdiyo, wanda zai kwaso kukan gyare daga bayan gari, ƙura kuma ta dame shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne ado. Kunnenmu ya saba da waƙoƙin fim, inda ake zuba amsa-kuwwa da lanƙwasa murya har sai an rasa mutum a ciki, kuma manhajojin nan da danna ɗaya suke ba da su. Mdou ya yi amfani da wannan a Sakkwato ya dace, amma waƙa ce gare shi a ƙarƙashin adon. Mai naɗa a gida ya ajiye kwafi guda tsura, wanda ba a taɓa ba, kafin ya fara shafe-shafe. Bayan shekara biyu shi zai fi so ya ji.

Ajiyar ma sai an yi mata tunani. Sautin da ba a matse ba, irin WAV, yana cin kusan megabait 10 a minti, MP3 na yau da kullum kusan 1, shi ya sa kowa ke zaɓar na biyun. Ba laifi wajen rabawa, amma asalin ya zauna a WAV. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti don magana aka yi shi. A tura waƙa a matsayin fayil, ta isa yadda take. Katin memori na mutuwa ba sallama, waya na faɗawa a ruwa ko a sace ta, don haka kwafi biyu a wuri biyu.

Sannan suna. Lokacin da Kirkley ya so fitar da faifan 2011, wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin, domin fayiloli da yawa sun yi yawo daga waya zuwa waya ba sunan mai su, ba gari, ba shekara; sai da ya bi sawu kafin ya iya biyan waɗanda ya samu. A Yamai akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma ba abin da zai iya yi wa waƙar da ba a san mai ita ba. Wayar kan ba fayil lamba ne kawai. Kafin a tura wa kowa, a canza lambar nan zuwa sunan makaɗi da na waƙa da Dakoro da shekara. Da yake kuma wani na iya sake wa fayil suna a hanya, masu wayo kan faɗi waɗannan abubuwa huɗu da bakinsu a farkon naɗin, sannan su ƙirga su shiga kiɗa.